Injin Baba Ba Ya Gaba

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi
yana yi wa filayen jami'a aski.
Da ya ajiye aiki aka yi gwanjon tsofaffin kaya,
ya zuba rabin kuɗin sallamarsa,
ya tuƙo jan injin nan har Hayin Dogo,
yara na bin sa kamar ya sayo jirgi.

Bana, ruwa na uku da sauka,
injin ya ce shi ba ya gaba.
A sa ribas, ya tafi sumul har bakin rijiya.
A sa gaba, sai gurnani, sai kyarma,
tayoyin baya sun kafe.

Malam Jatau ya leƙo ta katanga:
"Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne."
Baba bai yi dariya ba.
Hedimasta ya riga ya ba shi kafin alƙalami,
ciyawar firamare ta kai gwiwar 'yan aji ɗaya,
har an ce an ga kububuwa gindin turken ƙwallo.

Ran Asabar muka ɗora shi kan bulo huɗu.
Idon Baba ya yi hazo, hannunsa ya yi kauri,
shi ya sa ni, Kandala, autar mata,
na kwanta kan buhu na shiga ƙarƙashi.
Shi yana faɗa, ni ina kwancewa:
bel tukuna, sai sandar birki,
sifana mai lamba sha uku, ba wannan ba, ɗayar.
Noti guda ya ƙi, tsatsa ta aure shi.
Muka ba shi kananzir, muka je muka yi azahar,
muka dawo ya sauko.

Giyabos ya fi ƙaramin turmi nauyi.
Muka raba shi biyu kamar ƙwarya,
tsohon giris baƙi ƙirin, yana wari.
Baba ya ɗauko farantin tuwon Inna,
ya jera haƙoran ƙarfe daga babba zuwa ƙarami.
"Kar ki taɓa jerin. Wanda ya fito ƙarshe
shi zai fara komawa."
Inna ta tsaya kanmu riƙe da muciya,
ta dubi farantinta, ta dube shi, ta wuce.

Na zaci za mu tarar da ɓarna,
haƙori a karye, boris a farfashe.
Ina! Kowa lafiyarsa ƙalau.
Baba ya rufe ido yana lalube da yatsa
har ya zaro wani siririn ƙarfe,
bai kai tsinken tsire ba,
bakinsa ya cinye, ya yi sulɓi.
"Ga ɓarawon. Shi ke kama giyar gaba."

Uchenna na Sabon Gari ya juya shi a tafinsa:
sai dai daga Legas, mako uku, in an dace.
Mai walda a Kwangila ya ɗiga masa ƙarfe a baki,
ɗigo ɗaya, ɗari biyar.
Daren nan babu wuta.
Na riƙe fitilar waya, Baba na goga da zarto,
ya goga, ya shafa a leɓensa, ya sake gogawa,
kwaɗi na ta surutu a kududdufin bayan gida.

Lahadi muka cusa sabon giris, muka rufe.
Sai ga wasa ɗaya ta rage a faranti,
zagayayya, tana kallonmu.
Baba ya daɗe bai ce komai ba.
Muka sake buɗewa.

La'asar sakaliya ya ce, "Hau."
Na ce ai naka ne. Ya ce, "Ke kika shiga cikinsa."
Na taka, na tura sandar gaba.
Injin ya yi tari, ya yi tunani,
ya taka rariya, ya nufi kajin Malam Jatau.

Har yau akwai baƙi a ƙarƙashin farcena,
Inna kuma ta bar wa injin farantin.