Wa Kuka Kalla?

Kuran ya ɗauke ana tsakar faɗa,
daidai sa'ad da saurayin cikin tele
ya ɗaga garkuwar tagulla
yana leƙen dodanniya ta cikinta.
Yara suka haɗa baki: "Kash!"

Mushe Tsahiru, da ya ajiye alli
shekara tara ke nan,
ya gyara zama bisa tabarma:
"Na san ƙarshen tun tele ba ta zo garin nan ba.
Tatsuniyar Girkawa ce.
Gashinta macizai,
wanda ya haɗa ido da ita ya sandare dutse.
Ba a dubanta gaba da gaba,
sai yadda ake duban husufin rana a ƙwaryar ruwa."

Fassuma ta ce macizan na roba ne,
yayanta ya gani a waya,
da zare ake jan su,
mai wasan kuwa ko ƙadangare ta gani, sai gudu.
Aka yi dariya har shayi ya zube.

"Akwai kuma tsofaffi uku," in ji Mushe,
"ido ɗaya gare su, karɓa-karɓa suke."
Kaka ta ce: "Mu ke nan da tabarau."

Na fito shan iska.
Farin wata bisa duwatsun Birni,
ƙatti, a durƙushe, kafaɗa da kafaɗa,
wani ya sunkuyar da kai
kamar mai jiran layin famfo tun asuba.
Na ce: ku kuma, wa kuka kalla?

Kuran ya dawo, ana ta kirana.
Ban shiga ba.
Na ƙarasa kallon ta gilashin taga.