Lambun Barmo Marini

A bayan Rafukka, inda titi ya gaji ya koma turba,
nan Barmo ya kafa lambunsa.
Bai fi shimfiɗar tabarma goma ba:
dangar kara, ƙofar langa-langa,
rijiya mai rowa, guga mai faci uku.

Shekara arba'in ya yi a bakin karofi,
baba da toka, toka da baba.
Ran da aka cike marinar aka jera shaguna
ya dawo gida bai ce uffan ba.
Washegari ya sayo fartanya.

Da damina ba ya gayyatar kowa.
"Kore da damina ba gwaninta ba ne," in ji shi,
"ko juji ma ya iya."
Sai ɗari ya kankama,
ruwan randa ya fara cizon haƙora,
kuka ta tuɓe ta tsaya tsirara,
sannan yake aiko jikarsa Tasalla:
wai a zo a gani.

Na je wata Laraba, hannuwa a hammata.

Kariya ce ta fara tarbata,
gajeriya, mai gindi kamar tulu,
ba ta da ganye ko na rantsuwa,
amma kowane yatsa nata riƙe da fure ruwan hoda.
Na miƙa hannu, ya buge shi.
"Ruwanta dafi ne. Kalla da ido."

Can gefe minjirya,
sanda ce kawai ya ɗauko daga Funtuwa a bayan mota,
mutane suna ta yi masa dariya.
Yau ga garwashi a bisa rassan,
'yan tsuntsaye masu dogon baki
suna tsoma kai a wuta, suna fita lafiya.

Inda ya ƙone ciyawa bayan kaka
rawaya ta huda toka ta leƙo,
ba kara, ba reshe,
kamar an fasa gwaiduwar ƙwai a baƙin kasko.

Yakuwa layi guda ya hana a tsinke.
Matarsa ta yi mita har ta haƙura,
zoɓon bana dai a kasuwa aka saya.
Ga su nan jajaye sun rine har sun yi duhu,
zogale na zuba musu farin fure a ka,
ƙudan zuma na ta hidima ba sallama.

Akwai wata mai ƙaya, bai san sunanta ba,
mai gadin asibiti ya yanko masa a gwangwanin madara.
Ta haye danga, ta sauka gidan maƙwabci,
furenta siriri kamar takarda.
Maƙwabcin bai taɓa kawo ƙara ba.

Na juya, na sake juyawa, na ce:
"Baba, ina shuɗi?"

Bai amsa ba. Ya ja guga, ya juye,
ya jira ƙasa ta gama haɗiya.
Sannan ya kai ni lungun da rana ba ta zama.
Wasu busassun tsirrai ne, 'ya'yansu na kacau-kacau.
Baba.

"Ka taɓa ganin furenta?
Ja-ja ne, ɗan mitsitsi, ba ka ko kula shi.
Shuɗin yana cikin ganye, ba ya nuna kansa.
Sai an daka, an jiƙa, ya ruɓe,
ya kwana bakwai yana wari a rami.
Wa zai jira wannan yanzu?"

Ya murje 'ya'yan a tafinsa, ya hure ƙaiƙayin,
ya zuba a aljihun tsohuwar rigarsa
wadda wanki ya mayar kalar sararin asuba.

"Ja mini guga biyar," ya ce,
"kafaɗar nan ba ta son sanyi."

Na ja bakwai.
Igiyar ta bar mini ja a tafin hannu
har na isa Ƙofar Sauri bai gushe ba.