Mai Son Wuta a Tsakiyar Taki

Huub ya cusa ma'aunin zafi cikin tulin taki
har gwiwar hannunsa ta ɓace.
A waje, dusar ƙanƙara ta lulluɓe gonakin Limburg,
kogin Maas ya yi tsit kamar wanda ake bi bashi.
A ciki, allura ta haura hamsin
tana neman ƙari.

Kashin doki, karan alkama, ruwa,
shi ke nan abin da ya zuba.
Wutar ba shi ya hura ta ba.

Shekara talatin da ɗaya yana juya tulin nan,
tururi na dafa masa gira,
bai taɓa tambayar sunan farin abin nan ba,
mai laushi kamar gashin ɗan tsako,
da ke shimfiɗa zarensa
inda tsutsa ta tattara nata ta gudu,
inda iri ya mutu a cikin ɓawonsa.
Fumfuna ce, in ji shi. Fumfuna kawai.

Sai ranar da Fenna ta zo daga jami'a
da cokali da 'yar kwalba,
takalmanta ba na wannan aiki ba ne.
Ta durƙusa a taɓo, ta kankari kaɗan.
Ta ce: ba ta da baki, ba ta da haƙori,
yawunta take tofawa waje,
ya narke mata kara, ya warware maiƙo,
sannan ta sha.
Kuma zafin da ke dafa ƙwai
bai karya wannan yawu ba.
Shi ya sa masu garin sabulu
suka koyi sirrinsa.

Huub ya yi dariya har ya ƙware.

Da daddare ya tuɓe rigar aiki,
baƙin man tarakta a ƙirji,
miyar jiya a hannun riga.
Tun rasuwar Annemie shi yake wanki.
Ya ɗebi garin, ya tsaya,
ya juya kwalin, ya nemo tabarau,
ya bi ƙananan rubutun da yatsa.
Bai gane rabinsu ba.

Injin ya soma juyi.
Ya zauna a kan bokiti yana kallon kumfa,
hannayensa na warin doki,
yana tunanin wadda ya yi shekaru yana ciyarwa
ba gaisuwa, ba sannu,
ashe ramawa take yi.

Da asuba ya fita.
Tulin na numfashi cikin duhu.
Ya cire safar hannu,
ya ɗora tafinsa a kai,
ya daɗe.