Rijiya a Juye

Shekara arba'in da ɗaya ina sauka.
In gari ya waye, ƙasa nake nufa,
da ɗan gajeren diga, da kwando, da igiya.

Yau ga ni a Abuja. Lawandi ɗan ƙanwata ya ce,
"Kawu, ba ka komawa Maigatari sai ka hau benenmu."
Shi ke goge gilasansa, yau kuwa ranar hutunsa ce.
Ya ara mini takalmi sau-ciki, ya matse mini yatsu,
na bi shi ina ɗingishi, ban ce uffan ba don kunya.

A bakin ƙofa mai kaki ya shafa mini wata sanda,
ta yi tsuwa daidai aljihuna.
Ashe 'yar askar yankan farce ce.
Aka karɓe ta, aka ba ni kati na rataya a wuya.

Sai bango ya buɗe baki: ɗaki ba taga, ba tabarma.
Mu bakwai muka shiga, kowa na kallon ƙafarsa.
Yaron ya danna lamba,
hanjina suka tsaya ƙasa, ni na yi sama,
kunnuwana suka toshe kamar na kai gaba talatin.
Na ce, "Lawandi, ai wannan guga ne!
To wa ke jan igiya?"
Wata mai jar jaka ta rufe baki da waya tana dariya.

Hawa na ashirin da biyu.
Na taka a hankali, kamar mai gwada bakin rami bayan ruwa.
Ga Dutsen Aso can a kwance, tsohon sa mai tuƙa,
ga ƙubbar masallaci, tasar zinariya da aka kife,
motoci sun yi jerin gwano, ba ka jin ko ham ɗinsu,
hadari yana haɗowa ta wajen Kubwa
amma ba ƙamshin ƙasa, gilashi ya hana.
Sai wata shirwa ta gifta ƙasa da ni.
Na tsufa ina ganin cikin shirwa,
yau na gan ta ta baya.

Daga gindin rijiya sama ba ta fi faifai ba,
amma duk kan da ya leƙo na san mai shi:
wannan Kuluwa ce da fura, wancan Barau ne zai ce in fito.
Nan ga sama har ta yi yawa,
ga mutane dubu a ƙasa, ban gane fuska ko ɗaya.

Na ce ina jin ƙishi. Aka kawo ruwan gora mai sanyi.
Da na ji kuɗinsa sai da na sake duban gorar,
na shanye tas, ban bar ko ɗigo don almubazzaranci ba,
amma bai kai na rijiyar Unguwar Gabas daɗi ba, gaskiya.

Lawandi ya buga gilashin da yatsa.
"Ta waje nake lilo, Kawu. Litinin da Alhamis."
Na dubi wajen. Babu tudu, babu matakala,
iska ce kawai, sai ƙasa can nesa tana jira.
Shekara goma sha tara Barau na riƙe mini,
ban taɓa sauka ban dubi ƙwayar idonsa ba.
Na ce, "Kai wa ke riƙe maka?"
Ya ce, "Inji ne."
Ruwan nan ya tsaya mini a zuciya.

Ya so mu yi hoto. Muka yi. Na fito ido a rufe.
Na ce, "Kallo ya isa, kai ni inda kuke ajiya."
Gugan ya sauke mu har ƙarƙashin ƙasa,
wurin duhu da sanyi da ƙarar famfo,
nan ne numfashina ya dawo daidai.
Ya jawo ta daga cikin buhu, na zauna a kan bokiti,
na cire takalmin aro,
na bi ta gaba-gaba, ina murzawa, ina sansanawa,
har la'asar ta kusa, ban tsallake ko taƙi ɗaya.

Gobe a tasha za su taru, "Malam Ɗanjuma, me ka gano?"
Zan ba su labarin shirwa, su yi ta musu.
Uwarsa kuwa in ta tambaya,
ba zan faɗa mata tsawon benen ba.
Zan ce, "Hajo, na duba da hannuna,
ba ta da ciwo, igiyar tana nan lafiya."