Asu a Adakar Baba

Bayan sadakar arba'in
na buɗe adakar Baba a Kakuri,
ruwan Agusta na dukan kwano.
Wani abu ya fito daga ninkin bargo,
tsawonsa ƙwayar shinkafa,
launin ƙaiƙayi,
kansa ja-ja kamar an ɗiga lalle.
Bai tashi sama ba.
Gudu ya yi, ya shige lungu.

Gwaggo Tabawa ta ce, "Asu ne.
Ba dangin masu kewaya ƙwan lantarki ba,
wannan kunyar haske yake ji."

Ta bi ɗinki da farce tana nuna mini:
ga ƙwai, bai kai gishiri ba.
Ga tsutsa, fara, mai duhun kai,
ita ce ɓarauniyar.
In ta ƙoshi sai ta saƙa kube ta shige,
ta fito da fiffike, ba bakin ci,
ta zuba nata ƙwan, ta mutu
kafin wata ya zagayo.

Ulu take so,
da gumin da ya bushe a wuyan riga.
Ba ta taɓa atamfar da masaƙa ta ba shi ba
ranar sallama.
Suwaitar aikin dare ta ci,
na ɗaga, ina hango Gwaggo ta ƙirjinta.

Shekara nawa injuna na shiru,
ciyawa ta haye ƙofar kamfani,
ashe a adakar nan
akwai masu saƙar da ba a sallama ba.

Gwaggo ta miƙo ƙullin kafur.
Na karɓa.
Na daɗe ban kwance ba.