Masu Daka a Cikin Ka

A Miga, gindin tsamiyar ƙofar gida,
Baba Mantau na neman kafar allura.
Shekara arba'in yana ɗinkin hula,
yau zare na gudu, hannu na kaɗawa
kamar mai ƙirga kuɗin da babu.

Ran Laraba na goya shi a babur zuwa Jahun.
Likita Hansatu ta juya katin asibiti,
ta zana mana kai da biro.
Ta ce can ƙasa, a tsakiyar ƙwaƙwalwa,
akwai wasu ƙwayoyi baƙaƙe,
duk taronsu ba su cika cokali ba.
Wuta ke gudu a jikinsu, irin ta lantarki,
wadda ba ta isa kunna tocila ba,
amma ita ke tashe ka daga tabarma.

Bugu suke yi, tim, tim, tim,
kamar mace na daka da sassafe,
ba gaggawa, ba hutu,
kowane bugu ya ɗigo da dofamin,
man da ke sa gaɓa ta ji kira.

In alheri ya faɗo ba zato,
bashin da ka yafe aka kawo har gida,
sai su ɓarke da lugude.
In kuwa hadari ya haɗo gabas,
ka kwashe shanya, ka jera bokitai,
ya watse bai zubar ba,
sai taɓarya ta tsaya a sama,
shiru.

Baba ya dubi zanen ya daɗe.
Ya ce, "To ni masu dakan nawa fa?"
Ta ce, "Sun ragu, Baba.
Ɗaya bayan ɗaya suke ajiye taɓarya."
Ya ce, "Ashe gidan ne ya yi faɗi."

Yanzu ƙwaya uku a yini.
Awa guda bayan ta safe
hannun kan lafa kamar akuya a inuwa,
ya yi layi biyu, wani lokaci uku,
kafin rawar ta dawo neman wurinta.

Jiya Ladiyo, jikarsa ta aji biyu,
ta ƙwace allurar ba sallama,
ta lashi zare, ta zura shi bugu ɗaya,
ta miƙa masa tana hura hanci.
Dariyar da ya yi har goro ya faɗo.

Ni dai ban ga wutar ba.
Amma na san 'yan ragowar nan
sun kewaye turmi ɗaya a lokacin,
suna cafe taɓarya har da tafi.