Mai Laima a Ƙofar Ƙaura

Shekara tara ina zaune a Ƙofar Ƙaura,
ƙarƙashin laima mai huda uku,
kwamfuta a cinya, janareta na tari a bayana.
Naira hamsin, in cika maka memori.
Ɗari, har da gyara.
Ban taɓa kiran abin sata ba.
Turi muke cewa,
kamar mai tura baro, kamar mai taimako.

Cikin abin da na tura akwai Lado mai garaya,
tsoho daga Batagarawa,
waƙarsa ta maharba, da ta rijiyar da ta ƙafe.
Sau nawa na sayar da muryarsa?
Tambayi direbobin Jibiya,
ni ban ƙirga ba.
Da maƙogwaronsa na sayi katifa, na yi suna biyu,
shi ko ficika bai gani ba.

Sai kasuwa ta fara mutuwa da rana tsaka.
Yaro ya zo cajin waya kaɗai,
na ce, in zuba maka sababbi?
Ya yi dariya, ya danna.
Ga waƙa tana zubowa,
ba ta ƙofar baya ba, ba tsallake katanga.
Talla ta katse ta, ta sabulu, ta taliya,
sannan ta ci gaba.
Kyauta, in ji shi.
Na ce, data fa?
Ya ce, ko ruwan sama sai ka tara bokiti.

Jiya a teburin mai shayi na ga Lado.
Jikarsa Zinatu ce ta ɗora masa waƙoƙin.
Duk wanda ya saurara, ana ɗiga masa wani abu,
ɗigon da ba ya jiƙa leɓe.
Wata shida, ya ce, ya taru
ya yi tiya biyu ta gero da sabuwar tsirkiya.
Ya nuna mini saƙon banki,
yana riƙe da wayar kamar ƙwai.

Na so in ce, Baba, akwai hakkinka a wuyana.
Harshe ya yi nauyi.
Shi ya riga ni:
Ba kai ne mai laima ba?
A rumfarka na fara jin kaina a lasifika.
Na tsaya tsallaken titi ina sauraro,
kamar wanda ya ga akuyarsa a turken wani,
ta yi ƙiba.

Na biya masa shayi.
Ya sha, bai ce ya yafe ba.

Yanzu gilashin waya nake liƙawa.
In dare ya yi sai in kunna garayarsa,
in bar tallar ta kai ƙarshe, ba na tsallakewa,
in ta ƙare in sake dannawa.
Iyali sun yi barci, sauro na nasa kiɗan,
wayar na kife kan tabarma tana yi,
ina biya, kwabo kwabo,
ban san ranar gamawa ba.